Ajin 'Yan Mata Ba Malama

Talata, bayan isha'i, Dauran

Mun dawo daga Gusau, ba abin da muka samo sai ciwon jiki. Da sunan ƙungiyar iyayen yara muka je ofishin ilimi, roƙonmu ɗaya, a turo mana malama. Tun da aka raba maza da mata a makaranta bayan ƙaddamar da Shari'a, malamai duk suna ɓangaren maza, 'yan matan zaman banza suke yi.

Ni ban ƙi rabawar ba, har kabbara na yi ranar. Amma ƙungiyar malaman addini sau ɗaya ta nemi a yi rabawar aka sa mata hannu. Yau ma a gabanmu shugabanninsu suka shige, mu muna kan benci har la'asar. Da muka samu shiga, jami'in ya ce, "Wa ya aiko ku?" Malam Sani shugabanmu ya ce, "Ɗiyanmu sunka aiko mu." Mutumin ya yi dariya, wai mu nemo babban da zai tsaya mana.

A gida na tarar ɗiyata Hadiza ta wanke kayan makarantarta ta shanya. Ta ce, "Baba, yaushe malamar za ta zo?" Na ce lokacin salla ya yi, na fice. Ko kiran salla ba a yi ba.