Kwanon Gidanmu Ya Dawo Babu Komai

Mak Salbiah, don Allah ki taimake ni, kowa a ƙauyenmu ya tsane ni, ni ma na fara tsanarsu.

Ina aji biyar na sakandare a nan Aceh, ban iya surutu ba sai rubutu. Kowace shekara kafin shukar shinkafa ana yin biki, a yanka shanu tara, maza su dafa a manyan tukwane, kowane gida ya aika kwanonsa. Kakana Leman ne ke zuba kayan yaji shekara talatin, ba mai taɓa ludayi sai ya ɗanɗana.

Na rubuta wa gasar makaranta abin da na gani: shanu ɗaure a rana kwana biyu ba ruwa, jini da kayan tumbi a rafin da muke wanki, itatuwan bakin rafi sun ƙare a murhu. Malamarmu ta kai takardar ofishin gunduma ba ta tambaye ni ba. Bana ofishin ya ce saniya biyu kawai za a yanka. Dagaci ya karanta sunana da na mahaifina a gaban jama'a.

An hana kakana zuba yaji. Kwanonmu ya dawo a kife. Kawu Banta yana kirana lauyar shanu, ya ce in je garke su ba ni miji. Matan rafi in sun hango ni sai su yi kukan saniya. Kakana bai ce mini komai ba, kwana tara ke nan. Ni ban yi ƙarya ba. Mugaye ne, cikinsu kawai suka sani. In sake rubutawa a hana bikin gaba ɗaya?

Mai Kwano a Kife

'Yata,

Kada ki rubuta. Wannan fushi ne, ba tausayin shanu ba.

Abin da kika gani gaskiya ne, kuma masu kife wa tsoho kwano don su rama kan yarinya sun yi abin kunya. Malamarki ma ta cuce ki, ki gaya mata. Amma ki janye kalmar mugaye. A cikinsu akwai gwauraye da marayun da ba sa ganin nama sai ranar nan, kuma saniya biyu ba ta kai gare su ba. Kin rubuta ƙishin shanu, kin manta da su.

Kuskurenki ɗaya: mai ludayin yana gidanku, amma ofis ya riga shi jin maganar. Ki same shi, ki karanta masa takardar da bakinki, ki nemi gafarar wannan kaɗai. Sannan ki roƙe shi ya kai wa dagaci shawarar da za a iya yi: rumfa da ruwa ga shanu, rami don jini, itace daga gonaki. Da ita za a koma ofis. Kawu Banta kuwa, ki gaishe shi ki wuce.

Ki wanke kwanon ki adana. Baɗi ke za ki kai shi da hannunki, ki tsaya har a zuba. Allah Ya sanyaya zuciyar kakanki, Ya mayar masa da ludayinsa.

Mak Salbiah