Malama Raba-mu-gani da Rukuni na Biyu

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Masu Nazarin Alƙaluman Lafiya, a madadin Mai Girma Shugabanta, da dattawan Majalisar Amintattu, da ɗaukacin mambobi, take sanar da jama'a cewa labari mai nauyi ya iske mu na rasuwar uwarmu kuma malamarmu, Babbar Mai Nazari ta Sashen Bincike, Dakta, wadda babba da yaro suka fi sani da Malama Raba-mu-gani. Ta yanke jiki ta faɗi a gaban allon ofishinta ranar Talata da hantsi, alli na hannunta, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci sun ce hawan jini ne. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Shekara ashirin da uku marigayiya ta yi tana zana mana kibiyoyi a wannan allo. Aikinmu shi ne auna yadda wani abu yake janyo wani: a ja kibiya daga sanadi zuwa sakamako, a rubuta lamba a kanta mai nuna ƙarfin tasirin. Ita kuwa ba ta taɓa yarda da lamba ɗaya a kan jama'a duka ba. Duk wanda ya shigo mata da sakamako yana washe baki, sai ta sauke tabarau ta ce, "Raba su mu gani." Idan aka raba mutanen rukuni biyu, lambobin suka bambanta, nan ma ba a tsira ba, domin a wurinta ganin ido ba hujja ba ne. Sai an tabbatar rukunan biyu sun fahimci tambayoyin iri ɗaya, sannan a ɗaure kibiyoyin biyu a kan lamba guda a kwamfuta, a sake su, a duba ko lissafin ya fi dacewa da amsoshin mutane bayan sakin. Ɗalibai da yawa sun yi kuka a kujerar nan mai ƙafa uku da rabi ta ofishinta, yau kuma su ne manyan malamai.

Aikinta na ƙarshe shi ne binciken da Ƙungiya ta gudanar a kan ko sanin haɗarin hawan jini yana sa mutum ya je a auna shi. Da aka haɗa kowa da kowa, lambar ta yi kyau, kwamitin wallafa ya yi murna. Marigayiya ta ware masu jinyar wani a gida daban, sauran jama'a daban. A rukunin farko, wato sauran jama'a, kibiyar tana da ƙarfi. A rukuni na biyu, na masu jinya, kusan babu ita: sun sani sarai, amma ba sa zuwa, don babu wanda za su bar wa majinyacin. Ta ɗaure, ta saki, bambancin ya tabbata. Kwamiti ya nemi a fitar da lamba ɗaya don rahoton ya yi sauƙin karantawa, kuma ni mai sa hannu a wannan takarda ni na fi kowa ɗaga murya. Amsar da ta ba ni ita ce, "Ɗana, idan ka haɗa su, ka binne su." Muka tashi taron ban gaishe ta ba.

Wata biyu muka yi muna gardama a kan jadawalin da ta raba rukunan biyu a cikinsa, mu da muke tinƙaho da iya karanta alƙaluma, amma babu ko ɗayanmu da ya ɗaga kai ya dubi wadda ta rubuta shi. Duk mun san shekara tara ke nan Inna, mahaifiyarta, take kwance da shanyewar ɓarin jiki. Mun san kullum ƙarfe ɗaya Malama takan ɗauki jaka ta tafi gida ta juya Inna a kan shimfiɗa, ta ba ta abinci a baki, ta dawo kafin biyu da rabi, har tsokanar ta muke yi cewa da ita ake saita agogo. Da muka buɗe aljihun teburinta jiya, sai ga katin ganin likita guda huɗu da sunanta, ranakunsu duk sun wuce, ba ko ɗaya da aka buga wa hatimi. Wallahi kunya da baƙin ciki sun hana mu kallon juna.

Saboda haka Majalisar Amintattu ta zartar cewa rahoton zai fita da rukuni biyu, kamar yadda ta bar shi, ba za a taɓa ko waƙafi ba.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Inna, da mai gidan marigayiya, da 'ya'yanta uku, da ƙanwarta, malamar makaranta, wadda jinyar ta koma hannunta tun ranar Talata. Allah Ya gafarta wa Malama, Ya haskaka kabarinta, Ya sa wahalar da ta sha a kan mahaifiya ta zame mata inuwa, Ya ba iyalanta da mu juriyar wannan babban rashi.

Ga ƙanwar tata kuma muna da roƙo, kuma muna fatan ba za ta ce mana a'a ba. Mambobi sun rubuta sunayensu a takarda: kowace Laraba ɗayanmu zai zo ya zauna da Inna daga safe zuwa la'asar, domin ita ƙanwar ta fita ta ga likita, ko ta huta. An shaida mana har yanzu idan ƙarfe ɗaya ta yi, Inna takan juya ido wajen ƙofa. Larabar farko tawa ce.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai na Ƙungiya,
wanda marigayiya take kira Sarkin Gaggawa