Babur Ɗin da Na Ce Ya Miƙe

Assalamu alaikum Malam. Don Allah ka taimake ni da shawara, wata huɗu ke nan ina ɗauke da maganar da na kasa faɗa wa ko matata.

Ni makanikin babur ne, shekara ashirin da uku ina wannan sana'a. Bayan garejinmu akwai wata doguwar gangara da ta bi ta gefen sito. In na gyara kan babur, ko na canza boris, ko na miƙar da ƙarafan gaba bayan an faɗi da shi, can nake kai shi gwaji. Sai in saki totur, in ɗauke hannuwana duka biyu. In ya tafi sak, ya miƙe. In ya ja gefe, da sauran aiki. Haka maigidana ya koya mini, kuma ba yabon kai ba, nakan sauka gangarar nan tun daga sama har ƙasa hannuna a aljihu.

Mijin ƙanwata tela ne, mutum mai barkwanci, kullum yana tsokanata wai ni da babur mun fi shi da keken ɗinki jituwa. Yakan tsaya a bakin gareji yana kallona ina sauka gangara, har ya dame ni in nuna masa yadda ake yi. Na nuna masa, Malam. Ni na ce ya matse tanki da gwiwa, ya daina kallon taya.

Wata ranar Laraba ya kawo babur ɗinsa, mota ta goge shi a kasuwa, kan ya ɗan karkace. Na gyara, na hau, na saki hannu, ya tafi sak. Na miƙa masa makulli na ce babur ya miƙe. Kwana biyu bayan nan, da hantsi, ya faɗa kwalbati a hanyar shagonsa. Wata mai sayar da lemo da abin ya faru a gabanta ta ce ya saki hannu biyu yana jan zif ɗin rigarsa, sai babur ɗin ya yi hagu da shi. Bai kai asibiti ba. Allah ya jiƙansa.

Abin da ke cina shi ne wannan. Bayan sati uku abokin aikina ya hau wani babur da na riga na gwada na ce lafiya lau, ya dawo ya ce yana jan hagu. Na musa, na sake hawa. A tsakiyar gangara na kama kaina: ƙuguna ne yake karkata dama da kansa, yana gyara abin da sifana ba ta gyara ba. Jikina ya saba har ya koyi rufa wa babur asiri, ni ban sani ba. Tun yaushe nake haka? Ban sani ba.

Yanzu babur ɗin marigayin yana jingine a kusurwar gareji, na rufe shi da buhu. Sau nawa ina buɗewa ina duba ƙarafan gaban. A lanƙwashe suke, amma faɗuwar ce ta lanƙwasa su ko haka na ba shi, ƙarfen ya ƙi gaya mini. Da rana tsaka ina ɗaure noti sai in ji kamar marigayin yana tsaye a bakin ƙofa inda ya saba, yana jira in juyo ya yi mini dariya. Hannuna kuwa ya ƙi sakin kan babur, ko na ce masa saki.

Ƙanwata ta ce in gyara babur ɗin, wai ni kaɗai mijinta ya yarda in taɓa masa shi. Duk zuwan da zan yi sai ta yi mini godiya. Godiyar nan ta fi zagi ciwo. In gaya mata, in rasa ta ita ma? Ko in gyara in yi shiru har in mutu?

Naka, Mai Sifana.

AMSA

Wa alaikumus salam Mai Sifana. Allah ya jiƙan surukinka, ya ba ku haƙuri.

Bari mu raba abin da ka sani da abin da kake zato. Ka san gwajinka ba abin dogaro ba ne. Ka san kai ka koya masa sakin hannu. Wannan nauyi ne, ba zan ce maka ba komai ba. Amma ba ka san babur ɗin ya bar hannunka a karkace ba. Babur lafiyayye ma yakan kauce in titi ya ɗan kwanta ko taya ta hau tsakuwa, kuma marigayin babban mutum ne da ya zaɓi ya saki hannu a kan titin mutane, inda kai ba ka taɓa gwaji ba. Kada ka wanke kanka tas, kada kuma ka yanke wa kanka hukuncin da ba ka da shaidarsa.

Batun ƙanwarka, shiru yana da hujjarsa: ciwonta ɗanye ne, kuma maganar ba za ta dawo da shi ba. Sai dai shirun ya riga ya fara raba ku, tunda godiyarta ma gudunta kake. Shawarata ka gaya mata, kafin ka taɓa babur ɗin, a gaban wani babba da kuke jin maganarsa ku biyu. Kada ka ce kai ka kashe shi, don ba ka sani ba. Ka faɗi abin da ka rubuto mini, ba ƙari ba ragi. Tana iya yin fushi, ka ba ta lokaci, kada ka nemi ta lallashe ka. Gyaran kuma ka bar wa wani makaniken.

Yawan jin kamar yana tsaye a ƙofa, in ya ci gaba yana hana ka aiki, ka ga likita. Ka kuma gaya wa matarka, ta riga ta lura.

Amma akwai abin da wasiƙarka ta tsallake, kuma shi ya fi gaggawa. Ka yi ta duba babur ɗaya da ke ƙarƙashin buhu, alhali duk waɗanda ka gwada a gangarar nan suna kan titi yau, da mutane a kansu, wasu da iyalinsu a baya. Gobe da safe ka zauna da abokin aikinka, ku tuno duk wanda aka taɓa wa kan babur a watannin nan, ka kira su ɗaya bayan ɗaya su kawo a sake dubawa. Ku auna da zare daga tayar baya zuwa ta gaba, babur yana tsaye. Za ka ji kunya, wasu za su yi maka surutu. Ka jure. Marigayin ba ka da abin da za ka iya yi masa sai addu'a, waɗannan kuwa wayarka tana iya riskarsu.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya bar ka da ƙanwarka.