Taubashina Ya Kama Mini Rabin Gado a Dubai

Zuwa ga Hajiya Kadijatu, mai Filin Shawarwari.

Assalamu alaikum. Ki taimaka mini da shawara cikin gaggawa, raina a ɓace yake. Ni Alhaji ne babba, ɗaya daga cikin manyan 'yan kasuwarmu da ke zaune a Dubai. Kada a buga sunana, masu neman taimako za su cika mini waya. Ba al'adata ba ce rubuta wa jarida, ina da masu yi mini, amma maganar wani yaro ce ɗan ƙasar Gaya da aka zalunta. Yaro mai hankali, kyakkyawa, ga fara'a, duk garinsu Balan babu mai iya babur kamarsa.

Yaron nan acaɓa yake yi tsakanin Gaya da Ajingi, sai Allah ya kawo masa aiki a wani kamfani a nan, na kai wa mutane abinci gida-gida a kan babur. Kamfanin ya ba shi zaɓi, ko ya zauna a ɗakunan ma'aikata, ko a riƙa ƙara masa kuɗin haya a albashi ya nemi wurinsa. To yana da taubashi a garin, Abdulmuttalib, ɗan gwaggonsa, wanda ya daɗe da zuwa. Yaron ɗan namiji ne, Abdulmuttalib ɗan mace, kin ga ke nan a wasa Abdulmuttalib bawansa ne, tun suna ƙanana haka yake kiransa. Da jin labari sai Abdulmuttalib ya bugo waya, wai haba ubangidana, ka zo garin da bawanka yake ka kwana cikin leburori? Wai shi zai kama masa gida. Ya turo bidiyo, ga falo da kujeru masu laushi, ga kicin ya sha tayil, ta taga ana hango teku. Wai masu gida a nan ba sa jira, a turo kuɗin watanni tun kafin a taso.

Yaro ya sayar da babur ɗinsa ya tura. Bai nemi takarda ba, wa yake neman takarda a hannun ɗan gwaggonsa? Ya shaida wa kamfani ba ya son ɗakinsu. Bidiyon kuwa babu wanda bai gani ba, daga 'yan tashar babur zuwa mai shayin bakin kasuwa. Har Gafasa ya kai shi gidan su Afra'u, yarinyar da zai aura, mahaifiyarta ta kalla, ta sake kalla, ta aika a kira maƙwabta.

Hajiya, da na sauka, wato da yaron ya sauka, abin da ya tarar tsohon bene ne an yanyanka falonsa da katako kamar akurkin kaji. Ɗakinsu gado biyu ne masu hawa-hawa, mutum takwas. Ki lissafa da kanki. Nasa na sama ne, kuma shi ma ba nasa ba ne shi kaɗai, suna karɓa-karɓa da wani ɗan Bangaladash mai aikin dare a gidan burodi. Idan yaro ya dawo da yamma mutumin yana ɗaure takalmi, katifa da ɗuminta, matashi yana tashin man gashinsa. Ranar hutu kuwa sai dai ɗaya ya je masallaci ya zauna. Teku? Tagar bango take kallo. Ashe gidan bidiyon na wani Balarabe ne, Abdulmuttalib ya je gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya ɗauka.

Da yaro ya tare shi, dariya ya yi har da zama a ƙasa. Wai ramuwa ce ta ranar bikinsa, da yaron ya tura motar 'yan kai amarya Kademi alhali Gaya za su. Don Allah ki duba, wannan abu ne da har yau ake ba da labarinsa ana nishaɗi, amarya ta iso lafiya, kuma babu wanda ya sayar da babur a kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen gida. Yaro ya kai ƙara wajen mahaifinsa, tsoho ya ce shi ba ya shiga tsakanin taubasai. Gwaggo Amarya, uwar shi Abdulmuttalib, saƙon murya ta turo da guɗa a ciki, wai yau bawa ya kama ubangidansa. Kowa dariya, kowa wasa ne. Afra'u kuma ta matsa a kira ta a bidiyo ta ga kicin ɗinta, yaro kullum sai ya ce sabis ba kyau.

Yanzu ga abin da aka shirya wa taubashin. An gano gidan da sunan Abdulmuttalib aka kama shi, shi ya kafa katakon, shi ke karɓar haya wajen kowa, kuma dokar garin ta hana. Akwai lambar da ake kira, tana cikin wayata, har na sa mata suna. Aka ce tara ce mai nauyi, wataƙila ma a ɗora shi a jirgi. Wallahi ina so in gan shi a filin jirgin Kano da jaka ɗaya, ya koma Gaya ya nemi fankar da zai gyara, in ji ko Gwaggo za ta sake guɗa. Sannan ina da hotonsa yana barci a kicin kusa da tukunyar gas, baki a buɗe, don har gadonsa ya ba da haya. Matarsa a gida ta ɗauka a bene mai lifta yake. Ranar Sallah nake so in saka shi a guruf ɗin dangi, lokacin da kowa yake riƙe da waya. Tambayata ɗaya ce, wanne zan fara, kiran ko hoton?

To Hajiya, tunda mun kawo nan bari in sauke rawanin, ya yi mini nauyi. Babu wani Alhaji. Ni ne yaron, sunana Barau, karatuna na allo ne, bokon a waya na koya. Na lura wasiƙun manya kike fara bugawa shi ya sa na ari babbar riga. Daga saman gadon nake rubuto miki, kaina a sunkuye saboda fanka.

Barau na Balan, mai rabin gado

AMSA

Wa'alaikumus salam, Barau. Ka ba ni dariya, amma ban ɗauki maganarka wasa ba, kuma a nan na saɓa da mutanen gidanku. Wasan taubashi yana da iyaka. Ana tsokana, ana ba da kunya, ana ramawa, amma ba a taɓa abin da mutum yake ci da shi. Ranar da Abdulmuttalib ya karɓi kuɗin babur ɗinka a kan gidan da ya san ba shi zai ba ka ba, ya bar wasa ya shiga cin amana. Fushinka a kan hanya yake.

Sai dai kada ka yi kiran nan. Idan hukuma ta zo ba shi kaɗai za ta tarar ba. Kai ma za ka tsinci kayanka a bakin titi, tare da mai burodin da sauran mutanen da ba su yi maka komai ba, kuma kai ne sabo a garin. Idan aka dawo da shi gida, Gwaggo da matarsa ne za su rasa mai ciyar da su, mahaifinka kuma zai rasa fuskar da zai kalli 'yar'uwarsa. Irin wannan ba ya gyaruwa. Hoton ma ka goge shi. Ka sake dubansa kafin ka goge: mutumin da ya ba da hayar gadonsa ya koma kicin ba daɗi yake ji ba. Ina zaton haya ce ta sha kansa yana neman mai cike gurbi, sai ya lulluɓe abin da rigar wasa don ya san ba za a tuhume shi ba. Wannan bai wanke shi ba, amma ya nuna maka da wa kake faɗa.

Gobe ka je ofishin kamfaninku ka nemi a mayar da kai ɗakin ma'aikata, babu abin kunya a ciki. Zaman gidan da ya saɓa doka hatsari ne gare ka ko ba wanda ya kira kowa. Sannan ka nemi dattijo cikin mutanenmu na can, ku zauna ku uku, ba dariya, ba ubangida ba bawa. Ya dawo maka da kuɗin watannin da ba za ka zauna ba, ko da kaɗan-kaɗan ne, a gaban shaida, kuma a faɗa masa ya gyara zaman gidan tun kafin ya jawo wa mutane. Idan ya ƙi, ka koma wajen mahaifinka, ka ce masa ba ƙarar taubashi ka kawo ba, amana ka bayar aka ci. Zai saurara.

Nan gaba, da kai da duk mai shirin tafiya aiki waje, kada a tura kuɗin haya a kan bidiyon da aka turo. A kira ka kai tsaye a zaga da kai, ka tambayi mutum nawa ne a ɗakin, da sunan wa aka kama gidan, a kuma rubuta, ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya.

Afra'u kuma ka kira ta cikin makon nan ka nuna mata inda kake kwana, ta ji daga bakinka kafin ta ji a Gafasa. Za ta ji haushi, ta yiwu ta yi maka dariya, amma macen da za ta zauna da kai gara ta san daga ina kuka fara. Allah ya huci zuciyarka, ya tsare ka a kan titi, ya sa ka dawo da abin da ya fi wanda ka sayar.

Hajiya Kadijatu