Tsagar da Ta Tsira daga Kwaltar Gunars

Ƙanwata Zaiga,

Gaisuwa mai yawa gare ki da ƙwayoyin bakteriyarki na ɗakin bincike.

Ƙanƙara ta narke, kuma sabon ɓangaren katangar tashar jiragenmu ya tsage wuri uku, yadda kike so. Sai dai kin manta al'adar garinmu: ranar fito da jiragen kamun kifi, duk abin da ke da tsaga sai ya sha kwalta. Tsoho Gunars ya gama da jirginsa, kwalta ta rage, ya toshe biyu. Na ce, "Kawu, akwai bakteriya a cikin kankaren nan. Barci suke, ruwan teku ke tashinsu su ɗinke tsagar." Ya ce, "Malam, a wannan sanyin ko kai ba ka tashi, bare su."

Yayanki, Ilmars

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta hana ni cin abinci. Na sha wahala kafin na samo irin bakteriyar da ke aiki cikin ruwan sanyi. Idan masu duba aiki ba su ga tsagar da ta warke da kanta ba, ba za a gina sauran katangar ba, jiragenmu kuma sai su koma tashar birni. Ka tsare min ta ukun.

Zaiga

Ƙanwata,

Ina fatan kin koma cin abinci.

Na dasa kujera a kan tsagar, da littafi mafi kauri a gidana. Igiyar ruwa ta jiƙa mu duka, ni da tsagar da littafin. Kullum Gunars na kewaye ni da bokitinsa, har da kyafaffen kifi ya kawo don in je gida in ci.

Jiya na janye kujerar. Wani farin layi ya cike tsagar. Gunars ya durƙusa, ya kankara da farce, farcen ya karye. Ya cire hula ya ce, "Ko hutun shan taba ba sa yi."

Yanzu shi ke zaune a kujerar, yana korar abokansa masu bokiti. Yana tambaya ko za ki aiko masa bakteriyar kaɗan saboda ciwon gwiwarsa.

Na jinjina miki, amma kada ki saba.

Ilmars

Yaya,

Masu duba aiki sun zo, sun gani, sun amince. Jirage na nan gida. Ka gaida Kawu, ka ce gwiwa sai dai ya shafa mata kwalta.

Taka, Zaiga