Akun Baba Ya Warke

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata wasiƙar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da amarya da jinjiri, Allah ya raya mana shi. Nan gida sai godiya. Inna na fama da gwiwa, ni ina fama da kasuwa, maigidana kuma yana fama da ni.

Na rubuto ne in yaba maka. Gidan kula da namun dajin nan da ka matsa sai mun kai akun Baba, wallahi wuri ne na kirki. Ban taɓa ganin inda ake lallashin kura ta ci abinci ba sai can. Ga likita, ga ɗakin jinya har da fanka. Na ga biri da bandeji a hannu, ya harɗe kamar mai jiran a kawo masa shayi. Asibitin da nake kai Inna kuwa, benci ma sai ka yi sammako.

Ka tuna ka ce tsare tsuntsu a keji zalunci ne, ka yi ta bugo waya har Inna ta ce a ba su don ka samu barci. Abin da ba ka gani daga can shi ne, tun rasuwar Baba akun nan ke riƙe da ita. Kullum da safe sai ya yi gyaran murya irin ta Baba, ya kira ta uwar yara, ya tambayi inda ta ajiye masa hula. Ita kuma ta amsa, wani lokacin har ta yi masa faɗa.

To, ranar Asabar ta ce sai na kai ta ta ji muryar. Na rufe rumfa ranar ciniki, muka sha hanya, ta ƙulla masa gyaɗa a bakin mayafi. A ƙofa wata ma'aikaciya ta karɓe gyaɗar, ta ce ba a ciyarwa, ba a magana, don aikinsu shi ne su mantar da shi mutane kafin su mayar da shi daji. Aka tsayar da mu bayan wani katako mai 'yar taga, muna leƙe kamar ɓarayi. Ni da baki ne jarina na iya yin shiru, amma Inna ta kasa. Ta yi masa sallama a hankali, ta ce masa ta ga hular. Ya karkato kai, ya dube ta da ido ɗaya, ya yi wani fito irin na 'yan'uwansa, ya tashi ya koma cikinsu.

Ma'aikaciyar kamar ta yi rawa. Ta ce ya warke sarai, wata mai zuwa za a sake shi. Inna ta yi mata godiya, har da sa albarka. A mota sai ɓare gyaɗar da aka mayar mata take yi tana zuba min a hannu. Yanzu da safe nakan ji ta farka, ta yi tsit a ɗaki, tana sauraro.

Na gaji, Auta, gwiwata ma ta fara koyi da tata. Ka gaida amarya, ka shafa min kan jinjiri. Kawu da Goggo da yaran gidana duk suna gaishe ka.

Ni ce yayarka, wadda ta yi dakon kejin. Tunda kai ne ka san inda ake mantar da mai rai abin da ya saba da shi, ita Inna wane gida zan kai ta?