Gadar Karakasa

Shagari, daren Laraba, tara ga Safar

Ƙafafuna ciwo suke, a ƙasa na dawo daga Bodinga, kuma na sake yin faɗa. A kan gada na ji wani tsoho mai jakin albasa yana ce wa abokinsa su huta a Gadar Karakasa. Nan take na taso masa: "Baba, wanda ya yi gadar nan injiniya ne, yana da suna, ba abin dariyarku ba ne!"

Injiniyan nan kakana ne, daga Saliyo ya zo. Shekara talatin yana yi wa En'e gadoji, amma harshensa bai taɓa iya furta harafin ƙa ba. In zai ce wa leburori a ƙara ƙasa, sai ya ce "a kara kasa". Shi ke nan suna ya bi shi har kabari. A takardar ofis da na daddafa na karanta kuwa, sunan Baturen ayyuka kaɗai na gani, mutumin da ko takalminsa bai jiƙe ba.

Tsohon ya dube ni. "Kai jikanai na? Ni da kaina na ɗauko mai ƙasa da kwando. Damina nawa, wagga gada ba ta motsa ba. To, mi as sunanai na gaskiya?"

Ashe ni ma ban san sunan ba. Ni Kaka na sani, gari kuma Injiniya ko Karakasa.

Kakata ce kaɗai ta san sunan, ita kuwa ko za a yanka ta ba ta faɗin sunan miji.